Jagora ga Damagarawa masu neman ɗaki, shago ko fili a garuruwan bakin teku

A zauren gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram aka kusa yanke shawarar sayen filin, ba a Kwatano ba. Ƙanena ne ya bugo waya bayan la'asar muna zaune da kawu, ya ce ya sami fili a gabashin Kwatano, araha ƙwarai, in ka tsaya cikinsa kana jin ƙugin teku. Kawu ya karɓi wayar ya ce, "Yaro, ruwa na kwanciya a wurin in an yi sama?" Ya ce, "A'a Kawu, rairayi ne, ko kwana aka yi ana ruwa, da safe ba ka ganin ɗigo." Kawu ya ce to Allah ya sa albarka, a haɗa kuɗi a aika.

Tambayar kawu ita ce ta kowane Badamagare, kuma a nan gida tambaya ce ta hankali. Mu ruwan da muka sani daga sama yake zuwa, ya cika tabki, ya jiƙa gindin katanga, in kaka ta yi ya ja da baya ya bar maka filinka. Ruwan teku in ya karɓi ƙasa ba ya mayarwa. Wani dattijo na Zangon Kwatano ne ya kama hannun ƙanena kafin a biya, ya kai shi bakin ruwa ya nuna masa zoben rijiya na siminti tsaye cikin kumfa, igiyar ruwa na dukansa. Ya ce masa, "Ɗana, waccan rijiyar a tsakar gidan mutane na san ta."

Yawancin kuɗin da ƴan'uwanmu ke zubawa a Kwatano, Lome, Legas, Akra da Abijan, a nan Damagaram ake shawararsu, tsakanin uba da ɗa ko wa da ƙane. Shi ya sa na rubuta wannan domin mai tafiya da kuma mai aikawa.

Da farko, ka san wane ruwa kake tsoro

Barazanar ba iri ɗaya ba ce, maganinta ma haka. Akwai teku da ke cin gaɓa a hankali, shekara bayan shekara. Akwai daren da cikar teku ke haɗuwa da manyan igiyoyi, ruwa ya tsallake tudun rairayi ya faɗo cikin gidaje. Akwai ruwan sama da na kogi da ke rasa mafita saboda inda za su zuba ya riga ya cika. Sannan akwai wanda ke ɓullowa daga ƙasa, ka ga daɓen ɗaki yana tsattsafo ba a yi ko yayyafi ba.

Ƙarƙashin dukkansu akwai abu guda: teku kanta tana ƙaruwa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya nuna a rahotonsa na 2021 cewa daga 1901 zuwa 2018 ta ɗaga da kimanin santimita 20, kuma saurin yana daɗuwa: daga milimita 1.3 a shekara kafin 1971 zuwa milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi, ga kuma ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta kan manyan tsaunuka tana narkewa tana kwarara cikinsa. Zuwa 2100 ana sa ran ƙarin tsakanin santimita 28 da kusan mita guda, gwargwadon hayaƙin da duniya ta ci gaba da fitarwa.

Wani zai ce ai taƙi ɗaya ne kawai a shekara ɗari. Mutumin da ya tashi cikin duwatsun Birni dole ya ga haka. Amma Kwatano shimfiɗe take kamar faifai tsakanin teku da tabkin Nokuwe, unguwanni da yawa da ƙyar suka ɗara ruwan tsawo. A irin wannan wuri taƙi ɗaya ya isa ya sa magudanar da ke fitar da ruwa ta koma mai shigo da shi.

Ka je da ƙafarka, kuma ka zaɓi ranar zuwa

Kada a sayi fili ko a biya hayar shekara da hoton WhatsApp. Zuwa da kai ya fi aike. Ranar zuwan ma tana da muhimmanci, domin wurin da ka gani a watan Janairu ba shi ne na watan Yuni ba. A Kwatano da Lome damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da Kwatano ke samu a shekara ya kai ninki uku na namu. Wani abin da baƙo ba ya sani shi ne, tabkin Nokuwe ya fi cika wajen Satumba da Oktoba, lokacin da kogin Weme ke gangaro da ruwan daminar arewa. Sai a ga sama tas, amma ruwa na hawa unguwannin bakin tabki. Ambaliyar Benin ta 2010, wadda ta shafi mutum kusan 680,000, a wannan lokacin ta yi tsanani.

A nan muna da wata dama da ba mu cika lura da ita ba: muna bin lissafin wata. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Cikar ta fi ƙarfi sau biyu a wata, wato kwanakin tsayuwar sabon wata, da kuma tsakiyarsa, daga 14 zuwa 16, daf da kwanakin da masu azumin nafila ke azumta. Manyan igiyoyin da ke tasowa daga kudancin tekun Atlantika kuwa sun fi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba. Saboda haka in kana son ganin iyakar inda ruwa ke kaiwa, ka je ranar 15 ga watan Musulunci da ta faɗo cikin waɗannan watanni, ka tambayi masunta lokacin cika, ka tsaya ka gani.

In ka isa, ka dubi katangun maƙwabta kafin ka dubi filin. Ruwa na barin zane: layi mai duhu ko kore a jikin bulo, fenti ya kumbura daga ƙasa, farin gishiri yana fitowa kamar kanwa. Ka dubi ƙofofi. In kowane gida ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko uku har sai an tsallaka a shiga, mutanen unguwar sun riga sun ba ka amsa. Ka leƙa rijiya, in hannunka na iya taɓa ruwan, to masai ma zai cika ya dawo da damina. A bakin gaɓa ka nemi kututturen kwakwa da saiwoyinsu ke waje, da guntun katanga ko shimfiɗar kwalta da ta ƙare cikin ruwa.

Sannan ka yi tambaya, amma ba dillali ba. Mai sayar da koko a bakin layi, ladanin masallacin unguwa, tsohuwar da ta aurar da ƴaƴanta a nan, su ne za su gaya maka gaskiya. Kada ka ce "ruwa na shiga?", don kowa zai ce kaɗan. Ka ce, "Baba, nuna mini inda ya tsaya a shekarar da ya fi yawa," da kuma "Lokacin da kuka zo unguwar nan, layi nawa ne tsakaninku da teku?"

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya haddace: a wannan gaɓa, igiya na tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Duk abin da aka gina ya kutsa cikin teku yana tare rairayin a yammacinsa, ya bar gabas da yunwa. Tashar jiragen ruwan Kwatano da aka kammala a 1965 da ta Lome ta 1968 haka suka yi: yamma ta yi ta samun ƙasa, gabas ta yi ta rasawa. Dam ɗin Akosombo da aka gina kan kogin Bolta a Gana a 1965 ya ƙara rage rairayin da ke isowa gaɓa. Shi ya sa teku ta cinye gidaje a unguwar Akpakpa da ke gabashin Kwatano, ta ci tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho har aka mayar da ita ciki, ta kuma haɗiye wani babban sashe na garin Keta a Gana. Inda gwamnati ta jera katangun duwatsu cikin ruwa kamar haƙoran mataji ana samun sauƙi, amma ka kiyayi filin da ke gabas da katangar ƙarshe, domin can cin yake komawa.

Lissafi da takarda

Yanzu sai a zauna da alƙalami. Ka auna nisan filin daga inda ruwa ke kaiwa ranar babbar cika, ka raba da abin da teku ke ci a shekara a wannan unguwar. Binciken Bankin Duniya na 2019 a kan Benin, Togo, Kodebuwa da Senigal ya nuna fiye da rabin gaɓarsu na zaizayewa da kimanin mita 1.8 a shekara, amma wannan matsakaici ne, akwai wuraren da ke rasa mita 10. Misali, fili mai nisan mita 100 a wurin da ake rasa mita 5 a shekara, shekara 20 gare shi. Ɗan da aka raɗa wa suna ranar da aka saye shi ba zai yi aure a ciki ba. Kuma cin ba ya tafiya daidai wa daida: shekara uku shiru, dare ɗaya a rasa layi guda.

Sai takarda. A dokar filaye ta Benin, mita 100 daga iyakar babbar cikar teku mallakar hukuma ce, ba na sayarwa ba. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta kare ka a wannan wuri. Ka je ofishin filaye da na magajin gari da kanka, ka tambaya ko wurin na cikin inda aka hana gini ko inda aka ware don wani aiki. Ba teku kaɗai ke tayar da mutane ba: a Otodo Gbame ta Legas, tsakanin 2016 da 2017, an rushe matsugunin dubban mutanen bakin ruwa. Ra'ayina a fili yake: in akwai shakka, a yi haya. Mai haya yana ɗaukar tabarmarsa ya tashi, mai fili kuwa sai ya tsaya yana kallo.

Takardunka na kai, katin ɗan ƙasa, fasfo, takardun haihuwar yara, rasiɗin haya da na kaya, a naɗe su cikin leda biyu a rataye sama. A ɗauki hoton kowace a aiko wa wani amintacce a nan gida.

Kaya a mangaza

Nan ne ƴan kasuwarmu suka fi yin asara, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa sun koma tashar Lome suna biyowa ta Burkina Faso, jira ya ƙaru, buhun da a da zai kwana bakwai a ajiye yanzu yana iya yin wata. Kafin ka zuba kaya, ka nemi zanen ruwa a bangon mangazar, ka ɗora katako a kan bulo har ya wuce zanen da kamu ɗaya. Ka bar rata tsakanin kaya da bango. Sukari, shinkafa, siminti da atamfa su hau sama, abin da ke cikin jarka ko gwangwani ya zauna ƙasa. Kada jarin gida duka ya kwana a ɗaki guda cikin Yuni. In kana biyan inshora, ka sa a karanta maka ko ta haɗa da ambaliya, don sau da yawa gobara da sata kawai ta ɗauka.

Mai sayen tsohuwar mota daga bakin teku, ko a nan Damagaram za a kawo masa ita, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, ya duba ƙarfen ƙarƙashin kujera da ramin tayar ajiya. Tsatsa da rairayi a waɗannan wurare alama ce ta kwana cikin ruwa, kuma ruwan gishiri yana cin wayoyin mota a hankali, sai an yi watanni ciwon ke fitowa.

In ka riga ka yanke yin gini

Ka ɗaga daɓe sama da zanen ruwa mafi tsawo na unguwar, ka ƙara aƙalla rabin mita domin shekarun da ke tafe. Wuraren sa filogi da mitar wuta su kai ƙirji. Kada ka yarda a kwaɓa maka siminti da rairayin teku komai arharsa: gishirinsa na cin rodi daga ciki, rodin ya kumbura ya fasa ginshiƙi. Ɗibar rairayin ma tana cikin abin da ke cinye gaɓar, shi ya sa Benin da Togo suka hana. Ramin masai a gina shi a ɗage, a shafe cikinsa, a nisanta shi da rijiya.

Rijiyar bakin teku kuwa, ruwan daɗinta siriri ne, yana kwance a kan na gishiri. In aka zurfafa ta ko aka sa inji ana ja ba ƙaƙƙautawa, gishirin ke tasowa, kuma in ya taso da wuya ya koma. Mu da muka san wahalar ruwa, muka san jiran famfo cikin dare, bai kamata a koya mana tanadi ba: tulu ko tanki mai murfi, da ruwan sha na kwana uku, a ɗage daga ƙasa.

Ranar da ruwa ya shigo

Tun kafin ranar, kowa a gidan ya san inda za a nufa, ko makaranta mai bene, ko masallacin da ke kan tudu, ko gidan ɗan'uwa a wata unguwa, kuma a taɓa bin hanyar da ƙafa tare da yara. A san wanda zai ɗauki tsoho, da wanda zai goya jariri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ruwa ya taɓa dokin ƙofa, a kashe wuta daga mita, da busasshen hannu. A fita da wuri, tun ana ganin ƙasa. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu kaɗan, santimita 15, yana kayar da babban mutum, santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota. Magudanun waɗannan garuruwa da yawa a buɗe suke, in ruwa ya rufe su ba a bambanta su da hanya, don haka a riƙe sanda ana dogarawa. Kada a fake a gidan mai. Ranar 3 ga Yuni 2015 a Akra, mutane sun taru a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah suna gudun ruwa, man ya bi saman ruwan, wuta ta kama, kimanin mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya kiyaye na baya.

Bayan ruwa ya janye, rijiyar da ya shiga ta gurɓata. A tafasa ruwan sha ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa, amma a sani tafasawa ba ta cire gishiri. Wanda ya fara amai da gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti nan take, a kai shi likita, kada a jira gari ya waye.

Ina roƙon iyaye su ja kunnen samarin da ke zuwa ci-rani karon farko: wankan tabki da damina ba shi ne iyo a teku ba. Gaɓar Kwatano da Lome tana da jan ruwa mai ƙarfi da ke fizgar mutum zuwa ciki ko da ruwan iya gwiwa ne.

Aikin Zango, da aikin gida

Mutum ɗaya ba ya yashe magudanar unguwa. Sarkin Zango da limamai da shugabannin ƴan kasuwa su sa ranar gayya kafin Afrilu, su rubuta gidajen da ke da tsofaffi, masu ciki da marasa lafiya, su buɗe zaure ɗaya a WhatsApp da ake sa sanarwar hukumar yanayi kaɗai. A ware wani kaso na adashi ya zama asusun tashi, kuɗin mota da hayar wata biyu ga wanda ruwa ya kora. In hukuma ta kira taro kan aikin kare gaɓa, irin na shirin WACA da Bankin Duniya ke tallafawa tun 2018, mutanenmu su je a rubuta sunansu, domin wanda ba a ƙidaya ba ba a tuna shi ranar rabon diyya.

Kuma kada jama'a su yanke tudun rairayi da kansu don ruwan unguwa ya fita. A Sanluwi ta Senigal, a watan Oktoba 2003, an yanka wata ƴar hanya mai faɗin mita 4 a tudun da ya raba kogi da teku don a ceci gari daga ambaliya. Ruwan ya fita, amma teku ta yi ta faɗaɗa yankan har ya kai kilomitoci, ƙauyen da ke fuskantarsa ya tashi.

Mu na gida kuma, in ɗa ya ce zai aiko kuɗi a yi masa gini a nan maimakon can, mu karɓa da hannu biyu, amma mu yi wa filin nan irin binciken da muka ce a yi wa na Kwatano. Daminar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma ranar 3 ga Satumba muna ji muna gani tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 170 a tsaye, ya zube. Fili a cikin tsohon tabki ko kan hanyar kwari bai fi na Akpakpa aminci ba.

Ƙanena dai ya fasa sayen. Ya kama hayar ɗaki a bene na farko, nesa da gaɓa, ya ɗaga katakon shagonsa da bulo uku. Kuɗin da aka haɗa kuwa, kawu ya riƙe su har watan Agusta, ya jira ranar da aka kwana ana ruwa, da asuba ya sa na ɗauke shi a babur muka je duba wani fili a kan jigawa, ya sauka ya zagaya shi da sandarsa yana caka ƙasa, kafin ya ce a kira mai shi.